Kalmar da Likita Ya Faɗa a Kan Baba

Zariya,
Daren Talata.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk mutanenmu na Yamai. Saƙonka biyu sun iso, na karanta su, ban amsa ba. Ka yi mini uzuri. Yau wata na uku ke nan ba ni da hanya sai ta gida da makaranta da asibiti. Baba ne ba lafiya, ƙodarsa ce ta gaza. Na ƙi gaya maka a waya ne don na san halinka, ajiye komai za ka yi ka kamo hanya, ga shi kuna tsakiyar zango. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Yana ci, yana hira, yana sallarsa a zaune. Ana yi masa wankin ƙoda Litinin da Alhamis, kowane zama awa huɗu.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun farkon jinyar nan, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ya gane ba sai kai, da muka saba raba dare a kan kalma ɗaya tun muna samari.

Ranar da sakamakon gwaji ya fito, likita ya kira ni da Inna ofishinsa. Matashi ne mai ladabi, amma Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, don haka da Turanci ya yi mini bayani. Ya ce injin ba zai warkar da ƙodar ba, iyakarsa ya yi “prolong” ɗin rayuwar Baba. Inna ta ja gefen rigata ta ce, “Me ya ce?” Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci. Da ɗalibi ne ya tambaye ni, kafin ya rufe baki na ce masa tsawaitawa. Amma a gaban Inna bakina ya yi nauyi. Ta yaya zan dube ta in ce inji zai tsawaita ran mijinta? Mu a wurinmu mai jan kwana ɗaya ne. Allah ya ja kwana muke cewa, Allah ya ja zamani, Allah ya ba da tsawon rai. Ba mu taɓa ɗora wannan aiki a kan wani ba Shi ba. Sai na ce mata, “Ya ce ranar Alhamis za a fara wanki.” Ba ƙarya na yi ba, ya faɗi hakan. Amma na san ban isar da amana ba, kuma abin ya hana ni barci.

Ka san zaman jinya, dare ba ya ƙarewa. A kan bencin da ke bakin ɗaki nake kwana, ƙarƙashin wani ƙwan lantarki da ƙwari suka yi wa rumfa. Na ɗauko tsohon ƙamus ɗina daga gida, mai kawo asalin kalmomi, wanda bangonsa ya rabu da jiki har na ɗaure shi da roba. So nake in san me wannan kalma take ɗauke da shi a cikinta kafin in kai wa Inna ita.

Da gindin na fara, wato “long”, dogo. Ita 'yar gida ce a Turanci, ba aro ba. Kakannin Ingilishi sun zo da ita a bakinsu lokacin da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5, suna cewa “lang”, kuma Jamusawa har gobe haka suke faɗa. Latin yana da “longus”, wadda ta haifi taku ta Faransanci. Ba wanda ya ara daga wani, 'yan'uwa ne masu kaka ɗaya. Daga ita aka sami “length”, tsawo, wasali ya juya kamar yadda “strong” ta ba da “strength”. Daga nan kuma “lengthen”, wadda ita ce mafi sauƙin kai a dukan dangin: da ita tela ke ƙara wa wando tsawo, da ita inuwa ke miƙewa da la'asar. Ba ta yabo, ba ta zargi.

Abin da ya ba ni sha'awa a wannan ɗaki shi ne sunan azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista, “Lent”. A tsohon Turanci “lencten” sunan bazararsu ne, lokacin da yini ke ƙara tsawo bayan hunturu. Mu nan ba za mu ji nauyin wannan sosai ba, don tsakanin doguwar ranarmu da gajeruwarta bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. A Landan kuwa yinin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni ya haura 16. Mutanen da suka sha duhu haka dole su raɗa wa lokaci suna da tsawon rana. Akwai kuma “linger”, mutum ya yi ta nawa ya kasa tafiya, kamar baƙon da aka raka bakin zaure ya sake buɗe sabuwar hira. Sai wadda ta fi taɓa ni, “long for”, wato bege. A da ba cewa suke ina begenka ba, cewa suke abin ya yi mini tsawo. Ka duba wannan, aminina. Mai bege shi ne wanda lokaci ya yi wa tsawo. Na tuna shekarar da ka koma Nijar, yadda na riƙa ƙirga watanni kafin babbar sallah.

To, amma kalmar likita ba daga wannan ɗaki ta fito ba. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a kusan shekara 300. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci a kotuna. A wannan tsakani da bayansa kalmomin Faransanci da Latin suka yi ta kwarara, har Turanci ya wayi gari da kalma biyu ko uku a kan abu ɗaya: ta talaka a gona, ta alƙali a kotu, ta malami a littafi. “Prolong” ta shigo a farkon ƙarni na 15 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gada daga “prolongare” ta Latin na baya-baya. “Pro” gaba ke nan, sai “longus”. A tura abu gaba, a nisanta ƙarshensa. Kai da ke kallon ƙwallo da Faransanci ka san ta, ita ce “prolongation” da ake shiga idan an cika minti 90 ba wanda ya yi nasara.

Da na ga haka sai na ɗan sami numfashi. Ashe a gindinta ba ta ce an ƙirƙiri kwana ba, ba ta ce an ƙara wa ajali ba. Amma da na juya shafi sai na tarar tana da 'yar'uwa tagwai da ban taɓa sani ba, “purloin”, wadda a yau take nufin sata, musamman satar wanda aka amince wa. Uwarsu ɗaya, “prolongare”. Ita ta biyo ta bakin Faransawan Ingila ne, inda take nufin a kawar da abu nesa, kuma “loin” ɗinku mai nufin nesa tana nan zaune a cikinta. A nisanta abu daga mai shi, shi ke nan an sace. Na daɗe ina kallon shafin nan. A makon ne ƙanwata ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, ni kuma na sayar da babur, don kuɗin wanki. Ba na kuka da wannan, wallahi ko rigar jikina ce zan sayar. Amma na ga gaskiya a cikin zumuncin kalmomin nan biyu: kowane mako da muke turawa gaba, daga wani wuri muke ɗauko shi.

“Extend” dabam take. Daga “tendere” ta fito, miƙewa ko ɗamewa, kamar yadda ake ɗame fata a kan ganga. Ita ce asalin “tent”, wadda muka ara muka ce tanti, ƙyallen da aka ɗame a kan sanduna, kamar na Mina. Ita ce kuma asalin “tendon”, jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. A lura ta, ita ce mai farin jini a cikinsu. Da ita ake ƙara wa'adin biyan bashi, da ita ake ƙara kwanakin biza, da ita ake miƙa hannu a gaisa, da ita ake miƙa ta'aziyya. Akwai mai bayarwa a bayanta, wani mai iko da ya ga dama ya ƙara maka. Shi ya sa na so a ce ita likita ya faɗa. Daga baya na ga gara da bai faɗe ta ba, don da ya sa mini rai da abin da ba ya hannunsa.

Wani abu kuma: farkon shigarta Turanci a ƙarni na 14, a bakin masu shari'a, ma'anarta a auna fili a yi masa ƙima ne, a shimfiɗa dukiyar mutum a takarda don a san abin da ya mallaka. Kwana biyu da karanta wannan, Baba ya ce in kawo takarda da biro. Yana kwance, jininsa na fita ta bututu ɗaya yana komawa ta wani, injin na ƙara a hankali, ya fara yi mini shifta. Gonar fadama daga tsamiya zuwa bakin rafi. Ta tudu wadda ya ba ƙaninsa aro, ba kyauta ba, in rubuta da kyau. Buhun masara huɗu da wani maƙwabci ke binsa tun bara. Wanda shi yake bi kuma ya ce kada in rubuta, ya yafe. Awa huɗun nan da nake ganin azaba ce, shi ya mayar da ita lokacin gyara tsakaninsa da mutane.

Wadda nake tsoro ita ce “protract”. Daga “trahere” take, ja, amma irin jan da ake yi wa abu mai nauyi a ƙasa. Ita ce uwar tarakta mai jan garma, ita ce uwar kwantiragi, wato a jawo mutum biyu wuri ɗaya su ƙulla. Ta shigo a ƙarni na 16 kai tsaye daga Latin, ta hannun masu ilimi. A yau ba ka jin ta a kan abin daɗi. Yaƙi ne, shari'a ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, yajin aiki ne. Ba a cewa biki ya yi “protracted”. Kuma ka san inda muka fi ganin ta a jaridunmu na Nijeriya: a sanarwar rasuwa, “after a protracted illness”, abin da gidajen rediyo ke fassarawa da bayan ya sha fama da doguwar jinya. Sau nawa na karanta wannan layi ban ji komai ba? Yanzu in na gan shi sai in ga benci, in ga fulas ɗin kunu, in ga matar da ta yi wata shida ba ta kwana a gadonta ba. Duk suna cikin kalmar nan guda. Abin mamaki, daga wannan “protrahere” ɗin dai Faransanci ya fitar da “portrait”, hoton fuskar mutum, don mai zane layi yake ja har kama ta fito. Ita ma 'yar roba mai siffar rabin wata da ke cikin akwatin lissafin yara, “protractor”, jan layi ne ya ba ta suna.

Sauran zan bi ta kansu da sauri, ko da yake akwai biyu da suka shafe mu ni da kai. “Elongate” a wurin Turawa ta abin da ake gani ce, wuyan raƙumin dawa ko ƙarfen da aka ja, kuma masana taurari na kiran tazarar da ke tsakanin rana da jinjirin wata “elongation”. Mu ne a Nijeriya muka ja ta zuwa siyasa, muka ce “tenure elongation”, lokacin neman wa'adi na uku a mulkin Obasanjo, wanda majalisar dattawa ta yi watsi da shi ranar 16 ga Mayu, 2006. Hausa ba ta buƙaci wannan doguwar kalma ba, tana da tazarce tun zamanin Abacha. Ku ma kun ɗauke ta a 2009, lokacin da Tanja ya shirya ƙuri'ar raba gardama don ƙarin shekara uku, har jaridun Faransanci suka rasa fassara suka rubuta ta yadda take. Ni a ganina tamu ta fi tasu faɗin gaskiya. Tasu tana nuna kamar wa'adi ne ya yi tsawo da kansa. Tamu tana nuna mutum ya iso inda ya kamata ya tsaya, ya wuce.

Ta biyun ita ce “prorogue”. “Rogare” tambaya ce ko roƙo a Latin. A shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa, wa'adin wani shugaban Rum mai suna Publilius Philo ya ƙare alhali yana tsakiyar kewaye birnin Napoli da yaƙi, sai aka tambayi jama'a suka yarda ya ci gaba da riƙe rundunar har ya gama. Ƙarin wa'adi ke nan, amma da izinin mutane. A Ingila kalmar ta juya ta koma rufe zaman majalisa zuwa wani lokaci. Da ita Boris Johnson ya rufe majalisar Birtaniya na mako biyar a 2019, kotun ƙoli da alƙalanta 11 baki ɗaya ta ce haramun ne ranar 24 ga Satumba. Kalmar da aka gina a kan tambayar jama'a, ga ta an yi amfani da ita don kada wakilan jama'a su yi tambaya. “Adjourn” kuma, ɗage zama, “jour” ɗinku ce a ciki, a sa wa magana rana. “Procrastinate” daga “cras” take, gobe, halin mai sai gobe sai jibi.

Amma ka san waɗanda suka fi kwanta mini? Na talakawa ne, waɗanda ba su bi ta Latin ba. “Spin out”, daga kaɗi. Ina karantawa sai ga Kaka a idona, zaune a kan tabarma bakin ɗakinta da hantsi, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari a cikin taskira, hannun hagu na ɗagawa sama a hankali, ɗan curin shiɓar da bai cika tafin hannu ba yana ba da zare har ya fi ƙarfin tsawon hannunta. In ta ja da ƙarfi ya tsinke, in ta sassauta ya yi kauri auduga ta ƙare da wuri. Matan Ingila ma sun yi wannan zama ɗaruruwan shekaru kafin injin saƙa, shi ya sa suka bar wa harshensu kalmar. Sai “eke out”, daga tsohuwar kalma mai nufin ƙari, wato a lallaɓa ɗan abin da ke hannu ya kai ƙarshen wata. Ita ce ma a ɓoye cikin “nickname”, laƙabi: da “an ekename” ake cewa, ƙarin suna, sai harafin n ya zame daga kalmar farko ya manne wa ta biyu. Wannan “eke out” ita nake yi da albashi yanzu, ita Inna ke yi da buhun shinkafa.

Da na gama zagayen nan sai na lura kusan dukansu aikin hannu ne a asali: a tura, a ɗame, a ja, a kaɗa. Mu ma da muka tashi roƙo, ja muka ce, Allah ya ja kwana, kamar yadda alaramma ke cewa yaro ya ja madda. Ko “muddin” da muke faɗa kullum, daga wannan tushe na Larabci take, mai nufin miƙewa. Mai kaɗi ba ta halitta auduga ba. Abin da aka ba ta shi take ja, da kula, don kada ya tsinke kafin ya kai inda zai kai. A nan na sami abin da zan faɗa wa Inna.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan magariba na same ta a tsakar gida tana tace kunun Baba. Na durƙusa na ce, “Inna, akwai maganar likita da ban ƙarasa miki ba tun ranar farko.” Na ce injin ba ya warkarwa, ƙodar ba za ta dawo ba. Aikinsa ya riƙa yi wa Baba abin da ƙodar ta daina yi, don ya ci sauran kwanakin da Allah ya rubuta masa da sauƙi, a cikinmu, da hankalinsa. Ta ci gaba da tacewa ba ta ɗago ba. Can ta ce, “Ai na sani. Tun ranar na gani a fuskarka. Na bar ka ne ka kawo da kanka.” Sannan ta ce, “In da sauran shan ruwa a gaba, zai sha. Ku dai ku yi naku.” Ta miƙo mini fulas ta ce in yi sauri kada ya huce.

Baba ya tambaye ka jiya. Ya ce ina ɗansa na Nijar mai kawo masa kilishi, na ce masa likita ya hana shi gishiri da nama mai yawa, ya ce to ka zo hannu sake, ganin ka ya isa. In kun sami hutu ka zo, amma kada ka bar aiki saboda mu. Ka sa shi a addu'a, ka kuma roƙa mana malamanka su sa shi. In za ka kira, ka kira Laraba ko Asabar da hantsi, ranakun ne yake da ƙarfin magana, ran wanki a gajiye yake dawowa.

Ka duba mini wani abu kuma in ka sami sarari. Likitocinku na can, in za su faɗa wa iyali irin wannan magana da Faransanci, “prolonger” suke cewa ko suna da wata? Kuma masu yi musu tafinta a asibiti, da wace Hausa suke mayar wa tsofaffi? Ina so in sani, don a layin wanki akwai wani dattijo daga Maraɗi da ɗansa ba ya jin Turanci, ni nake tsaya musu.

Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Inna da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya.